Yadda Ake Sa wa Mota Fitilar Furojekta da Ƙwan Zenon

Mafi yawan masu kukan fitilar motarsu ba ta haske ƙwai suke zargi. Sai mutum ya nufi wurin mai rewaya ya ce, "Oga, sa min farin ƙwai mai ƙarfi." A zare ƙwan halojin ɗin da motar ta zo da shi, a cusa na zenon cikin tsohon gidan fitila, a ɗaure balas da waya a gefen batir, a karɓi kuɗi. Daga kujerar direba sai ka ga kamar rana ta fito: bishiyoyi sun yi fari, allunan gefen titi suna ƙyalli, gaban bamba ya yi tarwai. Amma kwaltar da ke can nesa, inda ramin da kake tsoro yake, tana nan cikin duhu, wanda ke tahowa daga ɗaya hannun kuma ya daina ganin komai. Duk mai bin hanyar Zariya zuwa Funtuwa da dare ya san irin waɗannan motocin.

Dalilin yana cikin yadda aka ƙera fitilar. Ƙwan halojin yana da ɗan zaren ƙarfe a ciki, shi ke yin ja ya ba da haske, kwanon madubin da ke bayansa kuwa an lanƙwasa shi daidai da tsawon wannan zare da inda yake zaune. Ƙwan zenon ba shi da zare. Wuta ce ke tsallaka tazarar kimanin milimita 4 tsakanin tsinke biyu cikin iskar gas, tana ɗan gantsarewa sama, kuma ta fi ƙarfi a bakin tsinken biyu, ba a tsakiya ba. Sa shi a kwanon halojin kamar ka ɗauki tabarau ɗin da likita ya yanka wa wani ne ka maƙala a idonka. Ga kuma yawan hasken: ƙwan H7 mai wat 55 yana ba da lumen 1,500, ƙwan zenon D2S mai wat 35 kuwa kusan 3,200. Hasken ya ninka, ba kuma abin da ke tsare shi. A Ingila motar da aka yi wa wannan aikin ba ta cin gwajin lafiyar mota na shekara-shekara.

Furojekta ita ce ke tsare shi. Ƙaramin kwano ne mai tattara hasken wuri ɗaya, a gabansa akwai ɗan shamakin ƙarfe da ke datse rabin sama, sannan ga idon gilashi mai kauri da ke jefa sauran kan hanya. Idan ka haska bango za ka ga layi a yanke: ƙasa fari fat, sama duhu. Wannan layin shi ne abin da kake biyan kuɗi dominsa. Kamfanin BMW ne ya fara fito da zenon a babbar motarsa ta 7 Series a 1991, kuma a cikin furojekta ya sa shi.

Kafin ka kashe ko sisi, duba abubuwa uku. Murfin fitilar motocin yanzu roba ce, rana kuma tana mayar da ita ruwan ɗorawa ta dusashe. Samfefa mai lamba 800, sai 1500, sai 2000 da ruwa, a goge da man sheƙi a fesa mata fenti garai mai kare rana, ta dawo. Sai ka sa mita a soket ɗin ƙwai inji na aiki, fitila a kunne, ka gwada da abin da ke kan batir. Faɗuwar bolt 1 kacal tana cinye kusan kashi ɗaya cikin huɗu na hasken halojin, kuma tsofaffin motoci da yawa ciwonsu ke nan. Sannan ka leƙa kwanon: in azurfarsa ta ƙone ta yi toka-toka, babu ƙwan da zai cece shi. Wani in ya gyara waɗannan sai ya fasa sauyin gaba ɗaya, ba laifi.

Wace furojekta

Hanya mafi sauƙi ita ce ka nemo gidan fitila na asali mai furojekta, in samfurin motarka yana da shi. Camry ta 2007 zuwa 2011 da furojekta take zuwa a dim, ƙwan H11. Corolla ta 2003 zuwa 2008 da Accord ta 2003 zuwa 2007 irin na Amurka kuwa kwano ne zalla, 9006 a dim, 9005 a ful. Hanya ta biyu sabon gidan fitila na kasuwa, masu zobe mai haske da ado iri-iri. Suna da kyan gani da rana, amma furojektar da ke cikin yawancinsu ƙarama ce mai raunin haske, ruwa kuma yana shigarsu tun daminar farko. Hanya ta uku, wadda na fi yarda da ita, ita ce ka buɗe gidan fitilarka na asali ka dasa furojekta mai kyau a ciki. Ta fi cin lokaci. Ita ce kuma za mu bi a nan.

Furojekta mai ido inci 2.5 da wutsiya mai zare, wadda ke ɗaukar ƙwan zenon mai gindin H1, ita ce ta mai koyo, domin ta ramin tsohon ƙwai take shiga a ɗaure ta da noti daga baya, ba yanka ba huji. Mai inci 3, ko wadda aka ciro daga fitilar babbar mota ƙirar Koito ko Hella ko Stanley, ta fi faɗin haske, sai dai tana bukatar a yanke bayan kwano a yi mata mazauni. Ka nemi mai dim da ful a haɗe. Ita shamakinta yana kan ɗan maganaɗisu: in ka ba da ful sai ya faɗi, hasken ya buɗe sama, ƙwan bai mutu ba balle ya sake kamawa. Wannan yana da muhimmanci, domin zenon yana ɗaukar daƙiƙu kafin ya cika haske, kuma kunna-kashe na cin ransa. Shi ya sa ba a sa shi a ramin ful mai zaman kansa. Bar halojin ɗinka a can don yi wa na gaba sigina.

Ga abin da masu saye a Ƙofar Ruwa ko Panteka ke yawan mantawa. Layin furojekta ba miƙaƙƙe ba ne, yana da ɗan tudu a gefe ɗaya don ya haska bakin titi da alluna. Najeriya ta koma tuƙi a hannun dama tun 2 ga Afrilu, 1972, Nijar kuma dama can a dama take, saboda haka tudun namu a dama ya kamata ya tashi. Fitilar da aka ciro daga motar Ingila, ko wadda aka ƙera don titunan Japan, tudunta a hagu yake, wato daidai idon mai tahowa. Kada ka biya sai an jona ta a batir an haska bango ka gani. In mai shago ya ce, "Alhaji, ai duk ɗaya ne," ka ce masa a gwada dai.

Ƙwai da balas

Ƙwayayen zenon na asali suna da lamba: D1, D2, D3, D4. Mai S a ƙarshe na furojekta ne, mai R na kwano ne na musamman da aka ƙera don zenon. D1 da D2 suna aiki da bolt 85 kuma akwai sinadarin makuri a cikinsu. D3 da D4 bolt 42 ne, ba makuri. Ba a haɗa ƙwan wannan gida da balas ɗin wancan. Osram da Philips su ne sunayen da aka sani, jabunsu kuma ya yi yawa a kasuwa. Dukansu biyu suna sa lamba a jikin kwali da ake tantancewa a intanet, ka yi amfani da ita kana tsaye a shagon.

Lambar da ke da K a ƙarshe launi take nufi, ba ƙarfi ba. Motocin da suka zo da zenon daga kamfani kusan 4300K suke, fari mai ɗan ɗumi, kuma nan ne haske ya fi yawa. 6000K ya fara shuɗi, 8000K shuɗi ne sosai, hasken kuma ya ragu. Samari sun fi son shuɗin, na sani. Amma ka shiga ƙurar hunturu tsakanin Kano da Haɗeja da shi, ko ruwan Agusta a kan baƙar kwalta, za ka ga idonka na wahala kwaltar kuma ba ta fito ba. Tsaya tsakanin 4300K da 5000K.

Balas shi ne akwatin da ke ɗaga wutar mota ta haura bolt 20,000 a lokacin tayar da ƙwai, sannan ya sauke ta ya riƙe. Ɗauki mai wat 35. Mai wat 55 yana ƙara haske kaɗan, ya ƙara zafi da yawa, ya ƙone azurfar ƙaramar furojekta, ya rage wa ƙwai kwana. Tsohon balas na asali ƙirar Denso ko Mitsubishi ko Hella da aka ciro daga mota ya fi sabon da ba shi da suna, araha ba ta ado. Wannan wutar kuma ba ta wasa ba ce. Ba a taɓa wayar da ke tsakanin balas da ƙwai fitila na kunne, ba a kunna balas babu ƙwai a bakinsa, ba a kuma kunna ƙwai tsirara a hannu: yana da matsin iska a ciki, yana fitar da hasken da ke ƙona ido.

Buɗe gidan fitila

Tun kafin ka kwance komai, ka tsayar da motar a gaban bango da dare ka sa alamar inda tsohon hasken yake sauka, ka kuma shata inda tayoyi suka tsaya. Cire kan batir na baƙar waya. Masu Honda su tabbata suna da lambar rediyonsu, domin wasu na kulle kansu in wuta ta yanke. A yawancin motocin yanzu sai an sassauta bamba kafin fitila ta fito, akwai noti ɗaya da ke ɓuya a ƙasa ko ta gefen fenda. In ta ƙi fitowa, noti ne ya rage, kada ka fizga. Kunnuwan robar nan in sun karye fitilar ba ta ƙara zama daram.

Cire ƙwayaye, robobin baya, da ƙananan sukurori da maƙalan da ke riƙe murfi. Baƙin gam ne ya haɗa murfin da gidan, zafi ke sa shi laushi. Masu obin suna sa fitilar a kan katako, zafi digiri 110 zuwa 120, minti 7 zuwa 10. In za ka yi a na kicin, ka nemi izinin uwargida tukuna, ka kuma san warin roba zai kwana. Wanda ba shi da obin ya samu babban kwali, ya sa fitilar a ciki, ya huda gefe ya zura bakin na'urar hura iska mai zafi, kada iskar ta doki robar kai tsaye. Ban da garwashi, ban da risho. Da gam ya yi laushi, sa safar hannu, fara ɓamɓarewa daga kusurwar da ke kusa da tsakiyar mota da faffaɗan sukudireba, kana yanke zaren gam ɗin da ke miƙewa kada ya taɓa azurfa. In ya yi tauri, mayar da shi zafi. Wasu motocin, musamman na Turai na baya-bayan nan, gam ɗinsu ba ya narkewa. Irin waɗannan sai haƙuri da wuƙa, ko a kai wa wanda ya saba.

Azurfar cikin fitila ba ta son hannu. Ko da tsumma mai laushi ka goga, sai ta bi tsumman. In ƙura ta hau, hure ta.

Cire 'yar hular ƙarfen da ke gaban tsohon ƙwai. Zura wayar maganaɗisu ta baya, sa wutsiyar furojekta ta ramin, robar wasa a ciki, farantin da ya dace da ramin motarka a waje, sannan noti. Kada ka ɗaure tamau tukuna. Nan ne aikin yake, nan ne kuma masu gaggawa ke ɓata shi. Mayar da fitilun biyu jikin mota ba murfi, ɗaure su da notinansu kamar an gama, jona wuta, haska bango. Layin kowace fitila dole ya kwanta daidai, ba karkata. Rufe ɗaya da kwali ka duba ɗaya. Juya furojektar kaɗan-kaɗan har layin ya miƙe, ka kashe wuta, ka ɗaure notin, ka sake kunnawa ka duba, domin ɗaurin kansa yana juya ta. Karkatar da ba ta kai kaurin ashana ba a jikin furojekta tana zama taƙi guda a bango. Sukurorin saiti na bayan fitila sama da ƙasa suke kai haske, da hagu da dama. Ba sa gyara karkata. In ka rufe a karkace, sai an sake dafa fitilar.

Idan layin ya zauna, ɗiga gam mai haɗi biyu a kan notin da inda wutsiya ta haɗu da kwano, saboda ramukan hanyoyinmu suna kwance abin da hannu ya ɗaure. Ba da ful sau da yawa ka ji shamakin na faɗuwa yana komawa ba ya maƙalewa. Sa kwalliyar da ke rufe jikin furojekta, gwada murfi ka tabbata idon gilashin bai taɓa shi ba. Goge idon da sifirit, hure ƙura. Ƙara sabon baƙin gam irin na fitila a cikin kwarin, ɗumama, matse murfin da filaya ko maƙalai har ya huce. Kada ka cika kwarin da silikon na gini: tururinsa yana dusashe gilashi daga ciki, kuma ranar da ka so buɗewa za ka yi da-na-sani. Ƙananan ƙofofin shan iska na bayan fitila a bar su a buɗe, su ke fitar da raɓa.

Waya

Zenon na cin wuta kaɗan in ya kama, kimanin amfiya 3 da rabi, amma a daƙiƙun farko yana jan ninkin haka. Siririyar wayar tsohuwar mota ba ta son wannan. A ja wuta kai tsaye daga batir ta rile, da waya mai kauri milimita 2.5, da fiyus dab da kan batir, ba can nesa ba. Tsohon soket ɗin fitila aikinsa kawai ya taɓa rile. Wayar bodi a ɗaure ta a ƙarfe tsirara, a kankare fenti. Da yawa cikin fitilun da ke ƙyaftawa ko ɗaya ta ƙi kamawa, wayar bodi ce.

Motar da ke da ƙwan H4, mai ƙafa uku, tana kashe dim in an ba da ful. Ita tana bukatar damin waya na musamman da ke riƙe balas a kunne ya kuma saki shamaki. In ba haka ba, kana ba da ful sai duhu. Mai 9005 da 9006 kuwa reshe za a ciro daga wayar ful zuwa maganaɗisu. Balas yana da hannu: in ka jona bai kama ba, juya filogin kafin ka ce ya mutu, musamman a tsofaffin Toyota da ke yanke wuta ta baƙar waya. Motocin da aka shigo da su daga Kanada, da wasu na Amurka, suna kunna fitila da rana da ragaggiyar wuta. In ta layin dim wannan wutar ke bi, rile zai riƙa kaɗawa balas na fama, sai mai rewaya ya kashe tsarin ko ya mayar da shi wani ƙwan. Motocin Jamus kuma kwamfutarsu na ƙirga wutar da ƙwai ke ci. In ta ga ta ragu sai ta kunna alama a dasbod ko ta yanke layin, don haka akwai ɗan akwatin da ake sa mata a tsakani.

Ɗaure balas da noti a jikin ƙarfe, nesa da lagireto da inda ruwan taya ke fantsama, bakin soket ɗinsa na kallon ƙasa. Masu wankin inji da injin feshi su san yana wurin. Wajen sa ƙwai, kada yatsa ya taɓa gilashin. In ya taɓa, goge da sifirit. Ƙwan ya zauna daram a mazauninsa, domin ɗan gicciye kaɗan yana raba hasken gida biyu a bango.

Saiti

Nemi fili shimfiɗaɗɗe da bango, irin harabar makaranta ko gefen sito. Iskar taya daidai, mai rabin tanki, but ba kaya, wani mai nauyinka a kujerar direba. Matso da motar dab da bango ka sa alamar tsakiyar kowane ido da salatif, ka auna tsayinsa daga ƙasa. Ja baya a miƙe mita 10. A jikin gidan fitila da yawa an rubuta 1% ko 1.2%, ma'anarsa layin ya sauka santimita 10 ko 12 a wannan tazarar. In tsakiyar idon santimita 65 ne daga ƙasa, shimfiɗaɗɗen ɓangaren layin, na hagu, ya tsaya a 55. Da wannan lissafin dim ɗinka zai taɓa kwalta a mita 65, kuma ba zai kai idon direban ƙaramar mota ba. Jif mai tsayi ta ƙara saukarwa kaɗan. Gwiwar tudun, inda layin ya fara hawa, ta zauna daidai alamar tsakiyar wannan fitilar. Saita ɗaya bayan ɗaya, ɗayar a rufe.

Za ka ji kamar ya yi ƙasa. Kowa haka yake ji a daren farko, saboda idonsa ya saba da hasken da ke watsuwa sama. Kada ka ɗaga. A Turai doka ta ce fitilar da ta haura lumen 2,000 sai da na'urar da ke daidaita ta da kanta da kuma mai wanke murfi, taka kuwa ba ta da ko ɗaya. Ranar da ka loda buhunan shinkafa da mutum huɗu a baya za ka gida Sallah, gindin motar zai zauna, hancinta ya ɗaga, layin da ka saita ya koma fuskar mutane. In motarka na da ɗan maɓallin 0, 1, 2, 3 a gefen sitiyari, wannan ranar aka yi shi dominta. In babu, sukudireba ya zauna a mota, ka san juyi nawa ka yi don ka mayar. Murfin kuma a riƙa goge shi, ƙurar da ta kwanta a kai tana watsa haske sama. Bayan saiti, ka ba wani motar ya taho, kai ka tsaya a ɗaya hannun ka durƙusa daidai tsayin mai adaidaita sahu ka kalla. In direbobi suna yi maka ful kana kan dim, koma bango.

Ƙwan zenon mai kyau yana kai awa 2,000 ko fiye, launinsa na sauyawa a hankali, don haka in za a canza a canza biyun tare. In ya fara ja-ja ko ruwan hoda, ko yana mutuwa yana dawowa, ya kusa. Kunna inji kafin fitila, kada balas ya tashi a kan wutar da sitata ke ja. Ranar da ido ɗaya ya ƙi kamawa, kashe komai, bari ya huce, ka musanya ƙwan hagu da na dama: in matsalar ta bi ƙwai, ƙwai ne, in ta tsaya, musanya balas, in har yanzu tana nan, bi waya da fiyus da rile. Mataccen D1 ko D2 kuma a naɗe shi a kwalinsa, kada a fasa, kada a bar shi inda yara ke wasa.